Amsa ga mai son maida Raspberry Pi akwatin kiɗan falo

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya, ya ce yana da tsohuwar amfilifaya da manyan sifiku biyu da ya gada wajen babansa, sauti kam ba a magana, amma kullum sai ya jona waya da igiya ko ya maƙala ɗan ƙaramin Bluetooth ɗin nan, da an kira shi kiɗa ya tsaya ko kuma duk falo su ji muryar mai kiran. Ya ji ana cewa ana haɗa wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi ta zama ita ke kunna waƙa a gida, shi ne yake tambaya wacce zai saya, me da me ake buƙata, kuma zai iya da kansa ko sai ya nemi injiniya.

Toh ɗan'uwa, za ka iya da kanka, in dai kana iya tura fayil a memori kuma kana da haƙurin zama na yamma ɗaya. Amma tun farko bari in gaya maka abin da bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba, su wutarsu ba ta ɗaukewa kuma datarsu ba ta ƙarewa, mu kuwa waɗannan biyun su ne za su kashe maka aikin in ba ka gina abin da su a zuciya ba. Don haka ni shawarata kullum ita ce waƙoƙin su zauna a jikin akwatin, wayarka ta zama rimot kawai, intanet kuma ya zama ƙari ne in akwai.

Ka fara gane bambancin, domin shi ne dalilin duk wannan wahalar. A Bluetooth wayarka ce ke kunna waƙar, ta matse sautin ta harba wa sifika, shi ya sa in ka shiga ɗaki da ita sauti ya fara yankewa, in saƙon WhatsApp ya shigo kowa ya ji ƙarar, batir kuma yana ta zuba. A wannan tsarin kuwa Pi ɗin ce da kanta ke karanta waƙar daga filashi ko daga intanet ta miƙa wa amfilifaya, wayar umarni kawai take bayarwa, kunna wannan, wuce wancan, rage murya. Kana iya kashe wayar ma gaba ɗaya ka fita masallaci, kiɗa ko karatu na ci gaba. Kuma duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin gidan zai iya canza waƙa daga wayarsa, wannan kam wani lokacin alheri ne wani lokacin fitina, in kana da yara za ka gane abin da nake nufi.

Ita Raspberry Pi ɗin 'yar kwamfuta ce da ba ta wuce girman katin ATM ba sosai, a Kambirij ta Ingila aka ƙirƙiro ta, ta fara fitowa a 2012 a kan dala 35, asalinta don koya wa yara kwamfuta aka yi ta. Kunna waƙa aiki ne mara nauyi ƙwarai, kada wani ya ruɗe ka sai ka sayi sabuwar fitowa. Pi 3 Model B ta 2016 ta isa har ta yi yawa, tana da Wi-Fi da Bluetooth a jikinta da RAM giga 1. 3B+ ta 2018 ta ƙara da Wi-Fi na 5GHz. In ka samu Pi 4 ta 2019 a farashi mai sauƙi ita na fi so, dalili kuwa a Pi 3 duk ramukan USB da ramin igiyar intanet hanya ɗaya suke bi su shiga ƙwaƙwalwar, to in ka jona DAC na USB, wato na'urar da ke maida lambobi su zama sauti, da filashi da igiya lokaci ɗaya wani sa'in za ka ji ɗan ƙas-ƙas a cikin sauti, a Pi 4 an raba musu hanya. Pi 5 ta 2023 kuwa ɓarnar kuɗi ce a wannan aikin, ta fi cin wuta, ta fi zafi, kuma ma an cire mata ramin iyafis. Akwai kuma 'yar ƙaramar Zero 2 W ta 2021 da ta fito a kan dala 15 a farashin kamfani, tana aiki kuma wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ba ta da ramin sauti, ramin USB ɗinta na data ɗaya ne tak sai da OTG, kuma yawanci tana zuwa babu ƙafafun ƙarfe 40 da ake jona wasu alluna a kansu sai an liƙa mata da dalma. Ga wanda yake farawa ba ita zan ba shi ba. Farashin naira ban kawo ba don kafin ka karanta wannan ya canza, ka dai tambaya wuri biyu uku kafin ka biya, kuma ta hannu in tana tashi lafiya ba ta da aibu.

Sai maganar inda sauti zai fito, nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna. Ramin iyafis na jikin Pi 3 da Pi 4 ba shi da DAC na gaske, wato ɗan guntun da ke maida lambobi su zama sauti, dabara ce kawai aka yi da kunna wuta da kashewa da sauri, a ƙaramar sifika ba za ka damu ba amma a manyan sifikun babanka in ka ɗaga murya za ka ji shuuu a ƙarƙashin waƙar. Ka yi gwajin farko da shi babu laifi, don ka tabbatar komai na tafiya, amma kada ka yanke wa Pi hukunci da shi.

Hanya mafi tsafta ita ce allon DAC da ake kifawa a kan ƙafafu 40 ɗin kamar hula. HiFiBerry na Suwizalan su suka fi suna, DAC+ ɗinsu yana da guntun PCM5122 kuma yana fitowa da ramukan ja da fari daidai irin na bayan amfilifayarka, akwai kuma IQaudio wanda kamfanin Raspberry Pi ɗin ya saye a 2020 yanzu suke sayarwa da sunansu. Ka kifa, ka ɗaure da noti, shi ke nan. In kuma aljihu bai kai ba akwai ɗan allon nan mai launin shanshanbale mai guntun PCM5102A da ake odarsa daga Chana da araha, wallahi sautinsa ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba, sai dai shi da wayoyi za ka haɗa. Ka bi sunayen da ke rubuce a jikin allon: BCK ya tafi ƙafa ta 12 ta Pi, LCK ƙafa ta 35, DIN ƙafa ta 40, VIN ya samu volt 5, GND ya tafi GND, sannan SCK shi ma ka haɗa shi da GND.

A kan wannan allon na taɓa kwana biyu ina zargin kaina. Na haɗa komai daidai, manhaja na nuna waƙa na tafiya, daƙiƙu na ƙirguwa, amma sifika tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na canza wayoyi, na sake ɗora manhaja, har na fara cewa an sayar min da matacce. Dare na biyu na juya bayan allon a ƙarƙashin fitilar waya sai na ga wasu 'yan gurabe huɗu masu lamba 1 zuwa 4, kowanne da H a gefe ɗaya da L a ɗaya gefen, duk a buɗe babu wanda aka liƙe. Ashe na ukun shi ne XSMT, mai toshe sauti, in ba a haɗa shi da H ba guntun a bebe yake zama. Na 1 da na 2 da na 4 su tafi L, na 3 ya tafi H. Ɗigon dalma huɗu, da na kunna sai da na zabura don na bar muryar amfilifaya a sama. In ba ka iya riƙe ƙarfen dalma ba kai wa mai gyaran waya ko mai gyaran rediyo, minti biyar ya gama maka.

Akwai hanya ta uku, DAC na USB, har ɗan jelar nan da ake jona iyafis a wayoyi masu USB-C yana iya aiki in ka samu mahaɗin da zai shigar da shi ramin Pi, amma ka kula wasu masu arahar babu guntu a cikinsu, waya ce zalla, waɗannan Pi ba za ta ma san an jona su ba. Ko wanne ka ɗauka, a bayan amfilifaya ka shiga ta AUX ko CD ko TAPE. Kada ka kuskura ka shiga ta PHONO ko ramin makirfo, waɗannan an yi su ne don sauti mai rauni sosai, DAC kuma kusan volt 2 yake fitarwa, abin da za ka ji sai ka ɗauka sifika ta yage.

Yanzu wuta, inda zan daɗe. Kashi mafi yawa na matsalar da ake kawo min a ce Pi ta lalace, caja ce. Pi 3 tana son volt 5 da amfiya 2.5, Pi 4 tana son amfiya 3 ta USB-C, kuma cajar waya da aka rubuta 3A a jikinta ba lallai ta ba da hakan ba, ballantana siririyar igiya mai tsawo da ke shanye wutar a hanya. Da wutar ta sauka ƙasa da wajen volt 4.63 Pi za ta fara rage gudu, filashi ya riƙa ɓacewa yana dawowa, Wi-Fi ya riƙa yankewa, kai kuma kana can kana zagin manhaja. Ka duba jar fitilar jikinta, in tana ƙiftawa ko ta mutu alhali Pi na aiki, wuta ce ba ta isa ba. Wanda ya iya shiga ta SSH, wato ba Pi umarni a rubuce daga wata kwamfuta, ya rubuta vcgencmd get_throttled, in ya ga 0x0 lafiya lau, in ya ga irin 0x50005 to ya canza caja da igiya. Gajeriyar igiya mai kauri, wannan kaɗai ya warkar da Pi da yawa a hannuna.

Na biyu kuma ɗauke wuta. Pi ba ta da batir, kuma duk tsarinta a kan ɗan memori yake, in aka ɗauke wuta daidai lokacin da take rubutu a kai memorin na iya rikicewa. Ta farko da na haɗa a ɗakina sati uku ta yi tana aiki, ranar nan aka yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke a kawo a ɗauke kusan sau biyar kafin la'asar, da dare na kunna sai jar fitila kawai, koriyar ko motsi. Na ɗauka ta ƙone. Sai da na sake ɗora manhaja a memorin ta tashi kamar ba ita ba, amma duk jerin waƙoƙin da na tsara sun tafi. Tun ranar ba na haɗa wa kowa sai da abin riƙe wuta. Mafi sauƙi shi ne 'yar ƙaramar UPS ɗin nan ta rauta mai ramin volt 5 da 9 da 12, ka jona Pi da rautar duka a kanta, ka dai duba ramin volt 5 ɗin yana ba da amfiyar da ake so. Fawa bank ma yana yi, lissafinsa kuwa mai 20,000mAh yana ɗauke da wajen wat-awa 74, ka cire asara ka bar 60, Pi 4 a wannan aikin wat 3 ne ko ɗan sama, ka ga kusan awa 20 ke nan. Matsalarsa ɗaya, da yawansu suna ɗan yanke wuta na ƙiftawar ido lokacin da aka kawo ko aka ɗauke wutar cajinsu, wannan ƙiftawar kuma ta isa ta sake tayar da Pi. Gwada shi kafin ka dogara da shi, ka jona Pi ka zare cajar bango ka mayar sau uku ka gani. In gidan sola ne da batir na volt 12, ka sayi ɗan allon rage wuta ka saita shi a 5.1 da mita kafin ka jona, na ce kafin, don wasu suna zuwa a buɗe kuma volt 12 in ya shiga Pi sai dai ta'aziyya. Ga wanda ma ba shi da amfilifaya sai sifiku zalla, HiFiBerry na da allon Amp2 da ke karɓar volt 12 zuwa 24 ya tuƙa sifiku kai tsaye kuma ya ciyar da Pi ɗin, a gidan sola wannan ba ƙaramin daɗi ba ne.

Manhaja kuwa kada ka wahalar da kanka da haɗa ta ɗaya bayan ɗaya, akwai waɗanda aka gama dafawa. Volumio ta mutanen Italiya ta fi sauƙi da kyan fuska kuma tana da manhajar waya, amma wasu abubuwan kamar Tidal da Qobuz, shafukan jin waƙa ta intanet, sai ka biya kuɗin wata. moOde kyauta ce gaba ɗaya, tana karɓar sauti daga waya ta hanyoyi irin su Bluetooth da AirPlay da Spotify da UPnP, tana zuwa da tashoshin rediyon intanet da yawa, ita nake ɗora wa yawancin mutane. Su biyun duk a ƙarƙashinsu wata manhaja mai suna MPD ce ke aikin kunnawa. Sai piCorePlayer, wadda ita da ta tashi take kwashe kanta ta koma cikin RAM ta ƙyale memori, don haka ɗauke wuta bai cika yi mata illa ba, sai dai tana tafiya ne da wata saba, wato manhajar da ke tsara waƙoƙin ta miƙo mata, mai suna Lyrion Music Server, wanda a da ake kira Logitech Media Server, saitinta ya fi yawa kuma in ka ɗora sabar a kan Pi ɗin ita ma tana da nata rubuce-rubucen da take ajiyewa. In unguwarku wuta ba ta da tabbas ko kaɗan kuma ba za ka sayi UPS ba, ka daure ka koyi wannan. In za ka sayi UPS, moOde.

Ɗorawar ba wuya. Ka samu memori na kirki mai giga 16 ko 32, na ce na kirki don jabun memori sun cika kasuwa, wanda zai nuna maka giga 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba. Ka sauke Raspberry Pi Imager a kwamfuta, ka zaɓi irin Pi ɗinka, ka nemo moOde a rukunin manhajojin kunna sauti da bidiyo, kafin ka danna rubutawa ka cike sunan mai amfani da kalmar sirri da sunan Wi-Fi ɗinka da ƙasa, kada ka tsallake wannan wurin don moOde na buƙatarsa. Ka saka memori a Pi ka ba ta wuta ka ƙyale ta wasu mintuna, tashin farko yana jan lokaci. Daga nan ka buɗe burauza a waya ka rubuta moode.local. Wasu tsofaffin wayoyin Android ba sa gane wannan sunan, in ya ƙi sai ka duba lambar IP ɗinta a shafin rautarka ko da manhajar Fing ka rubuta lambar. A saitin sauti ka zaɓi allonka, in ɗan shanshanbalen nan ne ka zaɓi HiFiBerry DAC, ka sake tayar da ita. Kafin waƙar farko ka mayar da muryar amfilifaya ƙasa, ka ji abin da ya same ni.

Abin da mutane ba su sani ba, rauta ko MiFi ba sai da data a ciki ba. Ko sisi babu a layin, in dai tana kunne wayarka da Pi za su ga juna kuma waƙoƙin filashi za su yi ta tafiya. In babu rauta ma sam, moOde da Volumio duk suna iya buɗe nasu Wi-Fi ɗin ka shiga kai tsaye.

Ga lissafin data don ka san inda kake. Waƙa mai 320kbps tana cin mega 144 a awa, awa goma giga ɗaya da rabi saura kaɗan. Rediyo mai 128kbps wajen mega 58 a awa. Filashi mai giga 64 kuwa zai ɗauki waƙa sama da 6,000 masu minti huɗu-huɗu a 320 ɗin, sau ɗaya ka saya an gama. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 kuma yana aiki a Pi, za ka ga sunan akwatinka a cikin manhajar ka danna, amma sai kana da Premium. Boomplay da Audiomack da YouTube ba su da irin wannan hanyar a nan, su sai dai ka tura ta Bluetooth, ko AirPlay in iPhone ce, ka ga an koma gidan jiya ke nan, kira na shigowa kiɗa zai tsaya.

Aikin da zai fi cin lokacinka ba Pi ba ce, fayilolinka ne. Waɗannan manhajojin ba sunan fayil suke dubawa ba, bayanan da ke ɓoye a cikinsa suke karantawa, sunan mawaƙi da na kundi da lambar waƙa. Waƙoƙinmu kuwa da aka turo daga wajen masu tura waƙa a kasuwa ko aka kwaso a WhatsApp, ka buɗe ka ga mawaƙi sunan wani shafin intanet ne, kundi lambar wayar wani ce, hoton kuma tallan shago. Na taɓa zuba wa wani filashinsa, mawaƙi ɗaya ya fito da suna bakwai, wani da Alhaji wani da Alh. wani da Dr wani duk manyan baƙaƙe, sauran waƙa wajen ɗari huɗu kuma duk suna ƙarƙashin Unknown. Maganinsa manhajar Mp3tag a kwamfuta, a Windows kyauta ce, ka zaɓi waƙoƙin mutum ɗaya gaba ɗaya ka rubuta sunan sau ɗaya. MusicBrainz Picard na cike bayanan da kansa amma a waƙoƙin waje ya fi amfani, namu da yawa ba ya gane su. In karatun Alƙur'ani ne ko tafsiri ka sa lamba mai gida uku a gaba, 001, 002 har 114, in ba haka ba za ka ga sura ta 10 ta riga ta 2. In kuma ka ji ba za ka iya wannan zaman ba, ka shirya su a folda-folda da kyau ka riƙa shiga ta folda, moOde na da wannan. Sannan kada ka ɓata lokaci kana maida tsohon MP3 mai 64kbps zuwa FLAC, nau'in fayil da ba ya zubar da komai na sauti, wai don ya ƙara kyau, abin da aka zubar an zubar, girma kawai zai ƙara. In akwai kaset-kaset na babanka a kwali, waɗannan su suka cancanci FLAC, ka jona dek da kwamfuta ka naɗe su da manhajar Audacity tun zaren bai gama mutuwa ba.

Zafi da ƙura kaɗan zan ce. Pi tana fara rage gudu ne in ta kai digiri 80, ban da 3B+ da ke ɗan ragewa tun digiri 60, kunna waƙa ba ya kai ta 80 ɗin ko a watan Afrilu in dai ba ka ɗora ta a kan amfilifaya ba, wanda shi ne wurin da kowa ke fara ɗorawa. Gidan ƙarfe mai shan zafi ya fi fanka, fanka tana ƙara kuma tana zuƙo ƙurar hunturu, amma gidan ƙarfe yana rage ƙarfin Wi-Fi, in rauta na kusa ja igiya kawai ka huta. In ka ji gurnani huuum a sifika ko waƙa ba ta tafiya, zare cajar Pi ka sa fawa bank, in ya ɗauke to cajar ce mai datti, canza ta, kuma ka sa Pi da amfilifaya a soket ɗaya.

Don haka ga yadda zan yi in ni ne kai. Pi 3B+ ko Pi 4, caja ta gaske, memori mai giga 32, igiyar iyafis mai ja da fari a ɗaya bakin. Ka ɗora moOde ka zuba waƙa ashirin kacal a filashi ka yi sati kana gwadawa ta ramin iyafis, ka ga ko mutanen gidan za su iya sarrafa ta ba tare da sun kira ka ba. In ta zauna sai ka sayi DAC da UPS, ranar da DAC ɗin ya iso kuma ka turo min hoton bayansa kafin ka jona.